Gwiwar Nabbosa

"Lanƙwasa. Ƙara kaɗan. Haba Nabbosa, sai ka ce yanka ki zan yi."

Nabbosa ta damƙe ƙarfen gadon da hannu bibbiyu, ta cije leɓe. Musawo Atim, likitar gashin ƙashi, ta tallabe dugadugin ƙafarta ta dama tana turawa sannu a hankali. Gwiwar ta yi ta lanƙwasuwa da ƙyar, da ta kai rabi sai ta tsaya cak, zafin ya harba har tsakiyar kanta.

"Wayyo Allah, Musawo ki bari!"

"Na bari, sarauniyar raki. Amma kin ga yau ta fi ta makon jiya."

Wani ɗan boda, wato ɗan acaɓa, da ke gadon kusa, wanda ƙarafa suka fito cako-cako daga ƙwaurinsa, ya leƙo ya kira ta Nnyabo, yadda ake kiran mace cikin girmamawa, ya ce, "Nnyabo, ke ki gode wa Allah taki wayar a ciki take. Ni dube ni, an mai da ni eriyar talabijin."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har matar nan da aka ɗaure wa wuya, wadda ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Nabbosa kaɗai ce ba ta dara ba.

Tun kafin a fara tsinkar kofi abin ya faru. Suna dawowa Masaka daga Kampala ita da Twaha, saurayin da za ta aura, sun je sayen yadin gomesi, doguwar rigar matanmu, don bikin kwanjula, ranar da za ta gabatar da shi ga iyayenta. A Lwera, inda manyan motoci ke ɗibar yashi, wata tifa ta faɗo titi ba ko duba hanya. Twaha ya taka burki ya kauce, amma ina! Shi bel ya riƙe shi, ya bar masa baƙin shati daga kafaɗa zuwa ƙugu, haƙarƙarinsa ya tsage, wuyansa ya yi gaba ya dawo baya, har yau bai gama saki ba. Ita kuwa kujerarta a matse take saboda kayan da suka loda a baya. Gwiwarta ta daki gaban motar, ƙoƙon gwiwar ya rabe biyu. Aka shiga da ita tiyata, aka haɗa ɓarin biyun da waya, aka ɗinke goshinta inda gilashi ya yanka.

Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce an auna arziki. An auna ɗin kuwa. Sai dai cikin masu faɗin haka ba wanda ya tsaya ya tuna cewa a nan Buganda mace da gwiwa take gaisuwa. Yarinya tun ba ta iya magana sosai ba muke koya mata zubewa gaban babba, ko a bakin titi ne, ko cikin taɓo. Wadda ta gaida manya a tsaye ba ita kaɗai za a zaga ba, har uwar da ta haife ta sai ta samu rabonta.

Musawo Atim tana mayar mata da abin ɗaure gwiwar, Nabbosa ta yi ƙasa da murya.

"Musawo, yaushe zan iya durƙusawa?"

Matar ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau.

"Durƙuso? A kan wannan gwiwar?"

"Sau ɗaya tak. Na ɗan lokaci."

"Ko rabin sau ban yarda ba." Ta jawo hoton ƙashin ta ɗaga shi saitin taga. "Kin ga wannan layin? Tsagar ce, ba ta gama cikewa ba. Waya ce kawai ke riƙe da ita. Kika lanƙwasa ta gaba ɗaya kika ɗora mata nauyinki, ko wayar ta tsinke ko ƙashin ya sake rabewa. Sai an sake buɗewa, kuma aiki na biyu ba ya taɓa kyan na farko. Na ga waɗanda suka ƙare da ƙafa a sandare har abada. Ki ba ta lokaci, za ki durƙusa har ki gaji. Wa ma zai ce ki durƙusa a haka?"

Nabbosa ta gyara zanenta ta sauko daga gadon. Ta ɗauki sandarta ta yi godiya ta fita.

A ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke harabar asibitin ta tarar da Twaha zaune a benci, riƙe da gasasshiyar ayaba a cikin takarda. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Da ya ji ƙarar sandar sai ya juyo da kafaɗunsa duka, ya miƙe a hankali yana dafe da gefen ƙirji, don har yanzu in ya yi tari ko dariya sai haƙarƙarin ya tuna masa.

"Ya aka yi? Ta matsa?"

"Ta matsa kaɗan." Ta zauna ta miƙe ƙafar. "Faɗa mini abin da ke bakinka, Twaha. Tun daga nesa na gan shi a fuskarka."

Ya juya takardar ayabar a hannunsa.

"Maama ta ce za ta zo ranar Lahadi gidan Senga, gwaggonki. Wai dubiya."

Hajjati Nanziri, mahaifiyar Twaha, ita ce ta sa aka dakatar da kwanjula tun Nabbosa tana kwance a gadon asibiti. Ba ta ce an fasa ba, ba ta kuma ce ga rana ba. Cewa ta yi a jira a ga abin da ƙafar za ta zama.

"Dubiya," Nabbosa ta maimaita. "Ka ce dai za ta zo duba kaya kafin ta saya."

"Nabbosa."

"Ƙarya na yi? Da Zamu za ta zo?"

Ya kau da ido, ita kuwa ta gane. Zamu 'yar ƙawar Hajjati ce, kuma duk Masaka an san tun bayan haɗarin kullum tana gidansu Twaha, yau ta kawo luwombo, kaza dafaffiya cikin ganyen ayaba, gobe ta zo taya Hajjati wanki.

"Ni ban gayyace ta ba, ban kuma taɓa cin abincinta ba, Allah ne shaidata," ya ce. "Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki durƙusa. Na ji abin da likita ya faɗa ranar da aka sallame ki. Ki gaishe ta a tsaye, sauran ki bar mini."

"In bar maka ka yi me? Ka yi faɗa da uwarka a kaina, in shiga gidanku da baƙin jini tun ranar farko?"

"Ko me zai faru ba zan bar ki ba. Ni nake riƙe da sitiyarin nan. Ni na jawo miki..."

"Ka ji ko!" Hawayen da take ta dannewa tun a ɗakin gashi suka zubo. "Kullum maganarka ke nan, ni na jawo, ni na jawo. Da can in ka zo wajena cewa kake ka kasa barci saboda ni. Yanzu ƙafata kake fara kallo kafin fuskata. Ka faɗa mini gaskiya, Twaha, sona kake yi ko tausayina kake ji?"

Ya buɗe baki, idanunsa suka cika.

"Wallahi ban san yadda zan raba miki su ba. In na rufe ido ƙarar nan nake ji, in ga jini a goshinki. Amma tun kafin Lwera ke nake so, kuma da Zamu da duk 'yan matan Masaka ba wadda zan iya zama da ita a benci kamar haka, tana mini masifa ina jin daɗi."

Ta yi dariya cikin kuka, ta karɓi ayabar ta gutsura. Ta yarda da shi, har zuciyarta ta yarda. Sai dai ta san halinsa, yaro ne da bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, kuma ba ta so a ce a kanta ya fara.

A gida ta tarar da Senga Nalugwa, yayar mahaifinta, zaune a bayan ɗaki tana fere matoke, ɗanyar ayabar dafuwa. A wajenta Nabbosa ta tashi, kuma a al'adarmu duk maganar auren yarinya a hannun senga take. Labarin zuwan Hajjati ya riga Nabbosa isowa.

"Na sa a wanke tabarmar baƙi," Senga ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Gomesinki mai ruwan ƙasa za ki sa, yana da tsawo, zai rufe wannan takalmin dokin da suka ɗaura miki."

"Senga, Musawo ta ce kada in durƙusa."

"Musawo ce za ta aure ki?"

"Ta ce ƙashin zai iya sake rabewa."

Senga ta jefa matoken cikin tukunya da ƙarfi har ruwa ya fantsalo.

"Duk 'ya'yan 'yan'uwana ni na aurar da su, ba wadda ta taɓa tsayawa ƙiƙam gaban surukarta. Da kin bari na kai ki wajen mai ɗorin nan na Kalisizo, da tuni ya shafa miki ganye ya ja ƙafar kin miƙe. Kuka ce sai waya, kamar wata keken ɗinki."

"To in zauna a tabarma mana."

"Ki miƙe mata ƙafa a fuska? Ko ki hau kujera kamar ke ce baƙuwar? Ke yarinya, kina da hankali kuwa?"

Nabbosa ta jingina da bango.

"Senga, tunda na ji ciwon nan a kan kujera nake salla. Liman da kansa ya ce Allah ya yarje mini. In Ubangijin da ya yi gwiwar ya karɓi gaisuwata a zaune, ita Hajjati wace ce?"

Wuƙar ta tsaya a hannun Senga. Ta daɗe tana kallon 'yar ɗan'uwanta, fuskarta ta sassauta, don duk faɗan nan nata tsoro ne, ba mugunta ba.

"Allah mai rahama ne, 'yata," ta ce a hankali. "Hajjati Nanziri kuwa mutum ce. Ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Ƙafar taki ce, mijin ma naki ne. Amma in ta fita daga gidan nan ranta a ɓace, ban san ta inda zan sake ɗauko maganar ba."

Kwanakin da suka rage Nabbosa ta yi su tana saƙa da warwara. In ta idar da salla sai ta ɗage zane ta zuba wa gwiwar ido, ga tabon ɗinki ya sauko tsaye, ga ɗan tudun wayar tana jin sa ƙarƙashin fata. Ta tuna yadda take tsallen igiya da ita tana yarinya, da yadda take hawa tudun Nyendo da jarkar ruwa ba ta ko haki. Ba ta taɓa yi wa gwiwar nan godiya ba sai da ta fashe. Daga ƙarshe ta yanke shawara za ta bi maganar Musawo. Za ta sunkuya iya sunkuyawa, ta ba da haƙuri, in Hajjati uwa ce za ta gane.

Ranar Lahadi da la'asar suka iso. Ta labulen ɗaki Nabbosa ta ga Hajjati ta shigo, doguwar mace mai farin mayafi, Twaha na biye da ita, sai Zamu a baya ɗauke da kwandon abarba. Zamu na ganin Senga sai ta ajiye kwandon ta zube a kan gwiwoyinta, sumul, ba ko dafa ƙasa, ta gaishe ta da murya kamar ta mai shirin waƙa. Kai, wasu 'yan matan dai sun iya nuna abin da suke da shi.

"Nabbosa!" Senga ta kira. "Fito ga baƙi."

Ta jingina sandar a bayan ƙofa. Ta kwance abin ɗaure gwiwar ma, don yana ƙara in tana tafiya. Ta fito tana takawa a hankali, ta tsaya gaban Hajjati, ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai har bayanta ya amsa.

"Barka da yini, Nnyabo. Ki gafarce ni, likita ta hana ni durƙuso tukuna."

Hajjati ba ta amsa ba. Ta dube ta daga sama har ƙasa, sannan ta juya wajen Senga.

"Nalugwa, yaushe kuka dasa bishiya a tsakar ɗaki?"

Zamu ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Twaha ya zabura.

"Maama, don Allah! Ƙashin bai haɗe ba, ni na ce mata kada..."

"Zauna, Twaha. Ba da kai nake ba."

Ya tsaya jim, sannan ya koma ya zauna. Nabbosa ta ga zaman nan nasa.

Hajjati ta gyara mayafi. Da ta sake magana muryarta ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"Yarinya, na san a ranki kina cewa tsohuwar nan muguwa ce. Ba komai. Twaha bai gaya miki yadda ubansa ya ƙare ba? Motar kofi ce ta kife da shi a hanyar Mbarara, yaron nan yana goye. Ƙashin baya ya taɓu. Likitoci suka ce a ba shi lokaci, zai tashi. Kullum a ba shi lokaci. Ni na ɗauke shi, ni na juya shi kada bayansa ya ruɓe, ni na wanke shi, tun ina da baƙin gashi har ya fara fari. Ban taɓa ƙorafi ba, mijina ne. Amma na san abin da mota ke bar wa mutum, na kuma san zaƙin bakin likita." Ta share gefen idonta da bakin mayafi. "Ɗa ɗaya gare ni. Ba zan zuba ido ya ɗauki irin kayan da na ɗauka ba. Ba gaisuwarki nake wa kwaɗayi ba, so nake in gani da idona ƙafar nan tana aiki. Na kuwa gani."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Allah ya ƙara sauƙi. Twaha, tashi mu tafi."

Twaha yana zaune ya dafe kai, hawaye na ɗiga a kan wandonsa, bai tashi ba, bai kuma ce a'a ba. Zamu har ta kai bakin ƙofa.

Da zagi Hajjati ta yi, da Nabbosa ta iya tsayawa a kan bakanta. Amma matar gaskiyarta ta faɗa, kuma Nabbosa ta san in mayafin nan ya ƙetare ƙofa shi ke nan, ko Twaha ya rasa uwarsa ko ita ta rasa Twaha.

"Nnyabo," ta ce.

Hajjati ta waiwayo.

Nabbosa ta tattare gomesinta. Ta fara sauke gwiwar hagu, lafiyayyar, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya. Ta ji Twaha ya ce "Nabbosa, a'a!" kamar daga nesa. Ta ja ta daman. Gwiwar ta zo daidai inda take tsayawa kullum a hannun Musawo, ta ƙi. Nabbosa ta rufe ido ta sake mata nauyinta gaba ɗaya.

Wani abu ya ce ƙas a ciki, ƙaramin sauti, ita kaɗai ta ji shi. Zafin ya taso ya rufe mata ido har ɗakin ya yi duhu, gumi ya keto mata ta ko'ina. Ta haɗiye ihun. Ta ɗora hannuwa a cinya yadda aka koya mata tun tana ƙarama, ta ɗago fuska da murmushi.

"Barka da yini, Nnyabo. Ya gida? Ya mutanen gida? Sannu da ɗawainiya. Mun gode da kika tako."

Ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ƙarshen gaisuwar.

Hajjati ta tsaya tana kallon ta. Sai ta ajiye jakar, ta dawo ta ɗora tafin hannunta a kan Nabbosa.

"Lafiya lau, 'yata. Lafiya lau." Ta juya tana dariya da hawaye. "Nalugwa, ashe tsoro kawai likitocin nan ke ba yara! Ki gaya wa ubanta ya sa rana, mu a shirye muke."

Senga ta rangaɗa guɗa. Zamu ta sulale waje ba sallama. Twaha kaɗai ne bai motsa ba, ya ƙura wa fuskar Nabbosa ido, don shi ya ga yadda launinta ya sauya.

A ƙarƙashin gomesi Nabbosa ta lallaɓa yatsunta zuwa gwiwar. Inda ƙoƙon yake, ta ji rami, yatsa biyu suka shige tsakani. Ta umarci ƙafar ta motsa, ƙafar ba ta ji ba.

"To ya isa haka, kin gaisar," Hajjati ta ce, ta miƙo mata hannu. "Tashi ki zauna kusa da ni. Tashi mana, 'yata."

Nabbosa ta dubi hannun, ta dubi Twaha, hawayen suka ɓalle.

"Maama, durƙuson na yi miki," ta ce. "Tashin ne ba zan iya ba."